Korason

Shagona yana Tudun Wada, daura da mai shayi,
inda motocin Samaru ke juyawa suna ihu.
Shekara ashirin da bakwai ina fasa cikin rediyo,
hancina ya saba da ƙaurin dalma,
yatsuna duk tabon ƙuna.

Ran wata Laraba, ana yayyafi,
Dakta Barau, likitan shanu na Shika,
wanda aka ce a Kuba ya yi karatu,
ya ajiye mini rikoda mai cin zare.
Ya ce zai dawo Asabar.
Asabar ta zo ta wuce, ita da ƙannenta.

Da na buɗe bakin rikodar, kaset na ciki,
ba suna, sai tsuntsu da aka zana da jan biro.
Na naɗe zaren, na manne inda ya tsinke
da jan farcen da Saude ta bari a taga.
Na danna.

Wani mutum ne, murya kamar ta wanda bai runtsa ba.
Jita a gaba, tana tafe ba takalmi,
bayanta gangar inji irin ta gidan rawa
tana bugu daidai kamar agogon banki,
can ƙasa kuma tafi,
tafin hannu zalla, mai tsallake gurbi,
kamar luguden matan gidanmu a Ƙofar Gayan.

Yaren Sifaniya ne, ban tsinci komai ba
sai kalma guda da yake ta koma mata
kamar harshe kan haƙori mai ciwo:
Korason. Korason.
Na ce, to, sunan matar ke nan.
Na yi mata tsawo, na yi mata wushirya,
na sa ta a jirgin ƙasa, na bar shi a tasha.
Mai shayi ya ce Korason baƙa ce,
yaron shagona ya ce fara,
muka yi musu har shayi ya huce.

Abin da ban gaya musu ba:
wajen minti na uku injin yakan yi shiru,
jitar ta saura ita kaɗai,
ta yi wata gangara
da zan rantse gurmin babana ne.
Gurmin da na ji kunyarsa ina ɗan makaranta,
har na ce wa abokai babana tela ne.
Yana rataye a zaure, tsirkiya ta tsinke,
gizo-gizo ya ɗaura masa tasa.

Bara, bayan Sallah, wata mata ta zo
da rasit da ya koma ruwan ƙasa.
Lantana, 'yar Dakta. Ya rasu tuntuni.
Ta saurari kaset a tsaye, jaka a hammata.
Ta ce, in ji babanta, kakar mawaƙin
mai waƙa ce a gonar rake,
shi ya ɗauki karinta ya ja masa lantarki
don 'yan birni su saya.
Mutanen ƙauyensu suka yi fushi,
daga baya suka haddace.

Na ce, Korason fa, ta dawo masa?
Ta yi dariya har ta dafa teburina.
Ta ce, Baba Tanimu, ai ba mace ba ce.
Zuciya ke nan da yarensu.

Ashe duk shekarun nan
da ƙirjinsa mutumin yake magana,
ni ina nema masa mata a tasha.

Ta ɗauki rikoda, ta bar mini kaset.

Da dare na sauko da gurmi, na kaɗe ƙura,
na ɗaura masa wayar wata tsohuwar lasifika.
Ban iya ba. Ban taɓa tambaya ba, yana da rai.
Saude, shekara tara ke nan
ban kira sunanki da ƙarfi ba.
Na taɓa wayar sau ɗaya,
ta yi ƙara kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba.
Maƙwabci ya ce daga bayan katanga, wa ke nan?
Na ce, ni ne.
Na sake taɓawa.